Kwandon Gidan Kan Tudu

Doc Sim,
farkon watan goma.

Ƙanwata Lua,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan ɗakinki. Mu nan kalau muke, in ban da gwiwata da ta sanar da ni sanyi ya iso tun kafin hazo ya sauko. Mijina yana nan yana tarinsa yana shan tabarsa, na gaji da magana. Ƙaramar 'yata ta ce a tuna miki da takalminta, wai tunda a kamfanin takalma kike, ai kwasa kawai za ki yi.

Bana ma ni aka ɗora wa rabon lambu. Na ce ba na so, aka ce ai ni ce mai bakin da ake shakka. Ba kya nan aka fara wannan tsari, bari in gaya miki yadda yake. Filin nan na bayan tsohuwar rumfar shanya ganyen shayi, wanda aka bar mana da gonar gwamnati ta watse, shi muka haɗu muka mai da lambu ɗaya, gida ashirin da ɗoriya. Mai ƙarfi ya yi ban ruwa, mai ɓaunar noma ya kawo taki, tsofaffi su tsinci tsutsa. Kowace ranar kasuwa da sassafe sai in cika kwanduna in rataye su a shingen gora na bakin hanya, kowane gida da maratayinsa. Yanzu akwai kabewa da wake da ganyen miya, kabeji da karas kuma sai sanyi ya kama sosai.

Doka ɗaya ce, kuma ni na kafa ta: kwando ba ya dawowa wayam. Kowa zai dawo da nasa da ƙunshin tokar murhunsa, mu zuba a fangali. Ba toka, ba kwando. Kin ga lambu ya samu abinci, mu kuma mun samu labari ba tare da mun bi gida gida ba, don duk gidan da toka ke fitowa, wuta na ci a murhunsa. Har alfahari nake da wannan dabara tawa.

To, ta haka nake ba ki labarin Baba Tuat. Kwandonsa na tafiya cike, yana dawowa da toka, bai taɓa fashi ba. Ban hau wurinsa ba, kin san hanyar tudun nan in yayyafi ya jiƙa ta, kin kuma san halin mahaifinki. Tun rasuwar mahaifiyarki Inna Gam ya rufe ƙofa. Wanda duk ya hau gaishe shi, sai ya tambaye shi ko an ce masa mutuwa yake yi.

Ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Wannan ne sanyi na uku da aka kwantar da Inna a kabarin wucin gadi na bayan gidanku. Lokaci ya yi da za a ɗaga ƙasusuwanta a wanke, a mai da ita makwancinta na dindindin kusa da iyayenta. Kawu Khang ya dame ni da zancen, yana cewa 'yar'uwarsa ta gaji da kwanciya a laka. Babanki ba shi da dangi a nan, ke kaɗai ce 'ya, maganarki ake jira. Kakata da kakarki ciki ɗaya suka fito, don haka ina da bakin ce miki ki nemi hutu ki zo kafin Tet, bikin sabuwar shekara.

Yayarki,
Mien

Bien Hoa,
ƙarshen watan goma.

Yaya Mien,

Na samu takardarki, na ji daɗi ƙwarai. Ina lafiya, sai ciwon wuya na sunkuyo a kan keken ɗinki. Ki shafa wa gwiwar man zafi ki daina tsayuwa a ruwa, ko da yake na san da bango nake magana. Ki ce wa 'yar taki takalman da muke ɗinkawa ko mu ba mu taɓa sa su ba, amma zan sayo mata na kasuwa.

Kina zancen hazo, ni kuwa ina rubutu gumi na ɗiga a takarda. A nan babu sanyi ko na magani. Wani lokaci nakan tsaya gaban mai sayar da ƙanƙara don kawai iskar ta taɓa min fuska. Ina kewar gida, Yaya, har abin na ba ni kunya. Rannan na ga kabeji a kasuwa, irin namu mai nauyi, sai na tsinci kaina ina shafa shi, mai kayan tana kallona kamar taɓaɓɓiya.

Na yi magana da shugabar layinmu, ta yarda in tafi a watan ƙarshe. Ki gaya wa Kawu ya sa a duba rana mai kyau a cikinsa. Ina so ni da hannuna in wanke ƙasusuwan Inna da ruwan ƙamshi, kamar yadda ta yi wa tata uwar.

Dabararki ta toka ta burge ni, amma toka ba ta gaya miki ko mutum ya rame. Na rubuta wa Baba sau biyu, shiru. Da can in bai amsa ba nakan ce Inna ce mai rubutun gidan, yanzu kuwa ban san me zan ce ba. Ina roƙonki, ko ba ki hau ba, ki tsaya a shingen ranar rabo ki gan shi da idonki, ki gaya min yadda yake tafiya da irin rigar da ke jikinsa. Akwai rigar sanyi mai kauri a ƙasan akwati, ba zai tuna da ita ba sai an ce masa.

Ƙanwarki,
Lua

Doc Sim,
tsakiyar watan sha ɗaya.

Lua,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, amma sanyin bana ba na wasa ba ne. Ɓaunaye duk an ɗaura musu buhuna, tsofaffi ba sa barin gindin wuta.

Raɓar gishiri, mai daskarewar nan, ta sauka mana sau da dama, ta ƙone kabewa da wake ƙurmus. Da safe sai ki ga lambu fari fat, da rana kuma ganye ya yi baƙi ya kwanta. Mun lulluɓe kabeji da karan shinkafa, shi ya tsira. Rabo ya ragu, rigima ta ƙaru. Matar Binh ta ɗaga kabejinta sama tana nuna wa jama'a ramin tsutsa, na ce mata, “Ai ke aka fi, kin samu da nama.” Ba ta yi dariya ba, har yau ba ta gaishe ni.

Na yi abin da kika ce. Na rataye kwanduna na tsaya. Hazo ya yi kaurin da ba ka ganin ƙarshen shingen. Mutane na zuwa suna ɗauka muna gaisawa, na babanki na nan a rataye. Wata ta kira ni a kan zancen albasa, na juya na amsa mata, ina waiwayowa maratayin ba komai. Can sama a hanyar tudu na hango malafa tana shiga hazo. Na ƙwala kira, ba a juyo ba. Ban ga riga ba, ban ga tafiya ba, amma wanda ke ƙarƙashin malafar nan bai kai tsawon Baba Tuat ba.

Sai zancen toka. Iya Suu ce ke tankaɗe mana ita kafin a zuba. Ta kira ni gefe ta buɗe ƙunshin gidanku ta ce, “Mien, shinshina.” Toka ce fara, mai laushi kamar gari, ba gawayi ko ɗaya, sai ƙamshi. Iya ta sa yatsa ta tono wasu jajayen guntayen tsinke. Ta ce, “Wannan ba daga murhu ta fito ba, 'yar nan. Tokar kaskon turare ce, ta teburin kakanni, inda ake ajiye hotunan mamata.” Na ce mata wa zai taɓa kaskon turare ba a ƙarshen shekara ba? Ta goge hannunta a zane ta ce ita dai ba za ta sake tankaɗe ta ba.

Ashe an jima ana zuba ta a fangali ɗaya na gefen rijiya. Shi kaɗai ne raɓa ba ta taɓa ba, ganyensa kore shar. Labari ya bazu, ba mai son ganyen nan a kwandonsa, ni ma ban kai shi gidana ba. A kwandon gidanku nake zubawa.

Akwai kuma ɗaurin. Da can a tsumma tokar ke zuwa, an cukuikuye ta irin ta maza. Yanzu a ganyen ayaba take zuwa, an naɗe ta tsaf, an ɗaure da karan shinkafa an soke bakin a ƙasa. Hannu ne da na sani, ke ma kin san shi. Ba zan sa sunan a takarda ba. Abin da zan iya ce miki shi ne, ta fuskar ci ki kwantar da hankalinki, akwai mai kula da shi, kuma mace ce. Ni dai nawa hankalin bai kwanta ba. In kin zo ma yi maganar baki da baki.

Mien

Bien Hoa,
ƙarshen watan sha ɗaya.

Yaya,

Na gaishe ki, ina lafiya. Ba zan tsawaita ba.

Ba sai kin sa sunan ba, na gane. Dau ce, mai awara. Gajeriya, ga iya naɗe abu a ganyen ayaba, sana'arta ke nan. Tun Inna na kwance take hawa tudun nan da ƙullin awara tana wani lanƙwasa murya, ranar jana'iza kuwa har ta fi ni kuka. Na faɗa a lokacin aka ce baƙin ciki ne ke sa ni zargi.

Ashe shi ya sa ba ya amsa takarduna. Ko makokin shekara uku bai gama ba, uwata na kwance a bayan ɗakin, taku kaɗan daga inda suke cin abinci. Wannan duk da sauƙi. Amma a ce matar nan ta sa hannu a kaskon turaren uwata tana kwashe tokar tana biyan kuɗin kabeji da ita, shi kuma yana zaune yana kallo? Share wurin take yi, kaɗan kaɗan, har ranar da za ta sauke hoton. Ke kuma kina ce min in kwantar da hankalina. Na ji haushinki, Yaya, gara in faɗa miki.

Na fasa zuwa. Na mai da hutun, zan yi aikin Tet, dama suna neman masu zama. Ba zan shiga gidan nan in gaishe ta ba, ba kuma zan iya kallon idonsa ba.

Na rubuta wa Kawu Khang yau, na aika masa abin hidima. Na ce kada ya jira ni, kada ya jira watan ƙarshe ya yi nisa, rana mai kyau ta farko da aka samu ya ɗauke Inna daga tudun nan ya kai ta wurin iyayenta. Ya wanke ta a madadina. Ta ga abin da ta gani, ya isa.

Ki ci gaba da ba su kwandonsu, ban ce ki hana shi abinci ba.

Lua

Doc Sim,
farkon watan ƙarshe.

Ƙanwata,

Ina fatan lafiya ce ta sa na ji ki shiru. An ce zaftarewar ƙasa ta tare hanyar mota, wataƙila takardarki na can a buhu. Mu muna nan. Karas ya fito, kabeji ya naɗe, mun fara tsuma ganye a tuluna saboda Tet.

Na hau, Lua. Na kasa ci na kasa sukuni, sai na ɗauki sanda na hau da rana tsaka, ko da yake rana ce ta suna kawai. Jiya-jiyan aka ɗauki kwando, hanya kuma laka ce tun daga rafi har ƙofa. Na yi ta duba ƙasa. Da na waiwaya, sawuna ne kaɗai da ramin sandata.

Na yi sallama, ya ce, “Wace ce kuma? An ce miki mutuwa nake?” Na ji daɗin jin masifar nan. Na tura ƙofa na same shi a gado, da rigar sanyin nan mai kauri a jikinsa, an ɓalle maɓallan har wuya. Fuskarsa a cike, bai rame ba. Amma ƙafafunsa sun kumbura kamar gangar ayaba. Ya ce tun raɓar farko iyakarsa daga gado zuwa tebur, yana dafa bango.

Na ce bari in hura masa wuta. Na je murhu na tarar kaza ta yi sheƙa a ciki, har da ƙwai. Ba itace ko ƙwaya ɗaya a gidan.

Na ce, “Baba, wa ke dafa maka?”

Ya nuna teburin kakanni da haɓa. Gaban hoton Inna akwai kwanon shinkafa da miyar kabeji. Ya ce, “Sauko min da shi, yau ban ci ba tukuna. Ɗanɗana mana, ko tsoro kike?”

Na ɗanɗana. Dafaffe ne lugub, amma sanyinsa kamar ruwan rafi. Citta a ciki manya manya, irin yankan wadda ba ta da haƙurin yanka. Shekara nawa ina cin miyar nan a gidanku. Na miƙa masa kwanon.

Ya ce, “Shekara biyu ina ɗora mata abinci a teburin nan ba fashi. Da ƙafa ta ƙi, na ce mata, tsohuwa, yau kam sai haƙuri. Washegari na ga kwano. To, yanzu ita ke ɗora min. Meye abin zare ido a ciki?”

Na ce, “Tokar fa, Baba?”

Ya ce, “Ke kika kafa doka, ba toka ba kwando. Da me kike so ta biya? Wadda take da ita ta ba ku.”

Na leƙa kaskon, saura kaɗan a gindi. Turare yake ta kunnawa wuni guda don ta ƙaru. Na ce na yafe wa gidan nan toka daga yau. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Kin san innarki, ko allura ba ta karɓa kyauta.” Na ce zan turo mijina da itace, a riƙa kawo masa abinci mai zafi. Ya ce in na turo kowa zai jefe shi da kwano, ita ba ta son idon mutane, suna lallaɓawa a haka.

Da zan tafi ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Na ji Khang na zancen ɗaga ta. Ki rubuta wa Lua, maganarta yake ji. Wanda aka wanke aka kai makwancinsa ya tafi ke nan, ba ya dawowa aikin gida. A bar min ita zuwa bazara, in ƙafa ta sace in iya sauka da kaina. In kuka ɗaga ta yanzu, wa zai ɗauko min kwando?”

Na bi gari ina tambaya da dabara ko akwai mai hawa tudun. Babu. Ban san me zan ce miki ki yarda da shi ba, abin da na gani na rubuta. Wancan karon tsoro ya hana ni sa sunan, yau na sa: ɗaurin Inna Gam ne, na bahaguwa, a gefenta na koyi naɗe wainar Tet. Ki zo, amma ki rubuta wa Kawu ya dakata.

Mien

Doc Sim,
tsakiyar watan ƙarshe.

Lua,

Gaisuwa. Mu lafiya, babanki ne ba lafiya.

Takardarki ta iso rana ɗaya da wadda kika rubuta wa Kawu Khang, da hanya ta buɗe. Na karanta ta a tsaye a bakin lambu. Dau tana Hai Phong wurin ɗanta tun girbin shinkafa, matarsa ta haihu. Ko ƙurarta ba mu gani ba duk sanyin nan.

Na tafi gidan Kawu da gwiwar nan tawa, na tarar har ya sayo akwatin yumɓu da jan ƙyalle, mai duba rana kuma ya ba shi jibi. Na gaya masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, “Mien, in ƙarya ce, tsoho ya ruɗe. In gaskiya ce kuwa, ya fi muni. Shekara talatin tana yi masa bauta, ta mutu ma ba zai bar ta ta huta ba?” Na ce a jira amsarki. Ya ɗaga takardarki ya ce ga amsa nan. Ban iya ce masa bai da gaskiya ba, abin da ya fi ci min rai ke nan.

An yi aikin yadda ya kamata. An ce ƙasusuwan sun fito tsaf, an wanke su da ruwan ƙamshi, an jera ba wanda ya ɓata. Mijina na cikin masu haƙa. Ya ce babanki bai yi faɗa ba, sai dai suna jin muryarsa ta bango yana cewa, “Ku bi a hankali, ba ta gama aiki ba.” Yanzu tana kusa da iyayenta, wuri mai kyau, yana kallon kwari.

Ranar kasuwa na cika kwanduna na rataye. Kowa ya ɗauki nasa. Na gidanku ya wuni a wurin, yayyafi na dukansa. Na yi ta kai da kawowa ina ba shi baya da gangan, ina waiwayowa, yana nan. Fangalin gefen rijiya kuma raɓa ta kwantar da shi a safiyar, ya zama kamar sauran.

Na sauke kwandon na hau da shi, mijina na biye da itace. Mun same shi ya ja jiki har bakin ƙofa, yana zaune a dokin ƙofar yana kallon hanya. Ya dubi kwandon a hannuna, ya dubi bayana. Ya ce, “Ba ku gamu da ita a hanya ba?”

Na kori kazar na hura wuta, na dafa masa kunun shinkafa da citta. Ya ce da zafi. Na bari ya huce na ɗora a tebur gaban hoton, na sauko masa da shi. Ya shinshina ya ce, “Na gode, 'yar nan, amma bari in jira nata. In ta dawo ta ga na ci na wani, ranta zai ɓaci.”

Kullum muna hawa, ni da Iya Suu, har matar Binh ta hau da miyar kaza. Ruwa kawai yake karɓa. Malamin asibiti ya zo ya duba ƙafar ya bar magani, ya ce ba ƙafar ce za ta kai shi ba, yunwa ce. Fuskar nan da na ce miki a cike take ta zube. Ba ya masifa kuma, da kowa yake magana da laushi, wannan ya fi komai ba ni tsoro. Ya ce ta sauka ne hazo ya ɓatar da ita, a bar ƙofa a buɗe.

Ba na ɗora miki laifi, ni ce na rubuta miki magana rabi. Amma ba ni da sauran dabara. Ki bar musu takalmansu ki taho.

Mien

Bien Hoa,
ranar da takardunki suka iso.

Yaya Mien,

Biyun tare suka zo. Na karanta su a bakin ƙofar kamfani, ban koma ciki ba, ba kuma zan koma ba.

Jirgin ƙasa ya cika saboda Tet, tikitin da na samu na jibi ne, na tsayuwa. Wannan takarda na ba wani direba ɗan wajenmu da zai tashi yau, zai riga ni da kaɗan.

Da ta iso hannunki, ko me kike yi ki ajiye ki hau. Kada ki ce masa an ɗauke Inna, kada ki ce ni na sa, wannan ni zan faɗa masa da bakina in ya samu ƙarfi. Ki ce masa ba ɓata ta yi ba. Ki ce ta ga aikin ya fi ƙarfinta ne, ta tafi kirana, hanyar kudu kuwa da nisa. Ki ce ta same ni, na ji, ina tafe, ta kuma ce ya ci abin da aka ba shi kafin in iso.

In ya ci, ko cokali biyu ne, to. In bai ci ba, ki zauna kusa da shi, Yaya, ki bar ƙofar a buɗe yadda yake so. Kada ya tafi yana kallon hanya ba kowa a kanta.

Lua